Malam Armiya'u da Dutse Mai Lamba Saba'in da Bakwai

Duk wanda ya zauna unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Ƙauran Namoda ya san abin da Malam Armiya'u ya shekara ashirin yana yi in ya dawo sallar asuba. Ba ya komawa shimfiɗa kamar sauran maza, ba ya rungumar rediyo. Yakan jira gari ya waye sarai, ya buɗe ɗan shagon da ke jikin rumbunsa, ya fito da duwatsu ya jera bisa buhu. Kowane dutse da farin tabon fenti kamar faɗin kwabo, a kan tabon kuma an rubuta lamba da baƙi. Wanda lambarsa ta fara dushewa, sai ya tsoma gashin kaza a gwangwanin fenti ya sabunta ta. Sannan ya ɗauki ɗan gilashin da ke rataye a wuyansa kamar laya, ya kanga a ido ya duba. In bai ga abin da yake nema ba, sai ya lashi dutsen.

E, lasa na ce, da harshe. Katangarmu ɗaya da shi, katangar kuma gajera ce, ni kuwa Allah bai yi ni da saurin kau da kai ba.

Watan jiya mota ta kwashe na ƙarshensu. Idon Malam ya yi yana, hannunsa ya fara rawa, ya ajiye guduma. Babu wanda ya tara taro, babu wanda ya ba shi ko takardar yabo. Shi ya sa ni Ladidi, da unguwa ke ce wa Gwaggo, na ɗauko ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi, na ce bari in faɗi ko wane ne shi. Bakin da ya ɓata, shi ya kamata ya gyara.

Ɗan Dauran ne, ta ƙasar Zurmi. Ubansa da kakansa dutsen niƙa suke sassaƙawa, shi ma da guduma a hannu ya tashi. In ya ƙwanƙwasa dutse ya kasa kunne, zai gaya maka wanda zai shekara talatin yana cin gero da wanda zai riƙa zuba wa mutane tsakuwa a tuwo. Sai injin niƙa ya zo ya kashe sana'ar. Ya dawo Ƙaura yana dako a kasuwar hatsi, ran Alhamis kuma ya tafi kasuwar Shinkafi yana sassara wa tsofaffi dutsen niƙan da ya yi sulɓi.

Shekara goma sha ɗaya kafin a ba mu jiha, jirgi ya sauke wani malamin jami'a, Dakta Alamin, siriri, da malafa da takalma irin na soja, yana cigiyar wanda ya san duwatsu. Anka kai shi wurin masu fasa tsakuwa, ya ce ba su ba. Anka kai shi wurin masu neman zinariya, ya ce Allah ya kiyaye. Da anka haɗa shi da Armiya'u, sai ya miƙa masa dutse biyu masu kama ɗaya. Armiya'u ya lashi wannan, ya lashi wancan, ya ce, "Wanga na gabas da gulbin Gagare ne, wancan kuwa baƙo ne, ba na ƙasarmu ba." An ce Dakta ya yi dariya har malafarsa ta faɗi. A jami'a ma, in ji shi, haka suke yi, don jiƙaƙƙen dutse ba ya ɓoye zanensa.

Abin da Dakta ke nema, yadda Asta matar Malam ta tsinto a bakin mijinta ta miƙo mini ta katanga, shi ne shekarun dutse. Wai tun babu ko ciyawa a bayan ƙasa, akwai manyan ƙasashe biyu da teku a tsakaninsu, can yamma da mu. Sunka yi ta matsowa, kamu guda a shekara goma, har sunka gwabza kamar ragunan layya biyu a turke ɗaya. Abin da ke tsakani ya danne can ƙasa, ya ɗauki zafi, ya yi laushi kamar tuwo a mara, ya lanƙwashe, sannan ya huce. Manyan tsaunuka sunka tashi, ruwa da iska sunka cinye su, mu yanzu bisa gindinsu muke shanya barkono. Shi ya sa in ka duba falalen bakin gulbi za ka ga farin zane da baƙi sun murɗe kamar alkaki. Kuma wai abin ya kai shekara miliyan ɗari shida.

Na ce, "Asta, ke da idonki kika ga tekun?"

Ta ce, "Gwaggo, ni dai abin da Malam ya ce."

Na ce, "To a gai da Malam. In tekun ta dawo a ɗebo mana, rijiyarmu ta ƙafe."

A cikin dutsen akwai wasu ƙwayoyi masu ƙyalli kamar ɓawon kifi. Su ne, in ji Dakta, ke riƙe da ƙidayar lokacin da dutsen ya huce, kuma akwai na'urar da ke karanta su a ƙasar waje. Sharaɗi biyu ya kafa wa Armiya'u. Kada lamba ta goge, don lambar ce ke nuna a littafi inda anka saro dutsen, kuma dutsen da ba a san garinsu ba bai da abin faɗa. Na biyu, kada wuta ta taɓa shi, don wuta na rikita ƙidayar.

Kowane rani haka suke tafe, Dakta da taswira, Armiya'u da guduma da buhu, daga Ƙaura zuwa Zurmi, su bi ta Dauran, su gangara har Galadi inda dutse ke nutsewa ƙarƙashin yashi. 'Yan kasuwa sunka sa wa Armiya'u Raƙumin Dakta. Da ba'a sunka faɗa, amma ni yau da girmamawa nake maimaitawa. Shu'aibu ƙanen Asta, makiyayi ne ta wajen Galadi, ya ce da idonsa ya ga ranar da ruwan farko ya rutsa su a gulbi. Ruwa har ƙirji, Armiya'u ya cusa littafin lambobi cikin hula, ya ɗora buhun duwatsu a kai. Takalmansa da ƙullin guzurinsu sunka bi ruwa yana kallo. Da sunka haye Dakta ya ce da ya yar da buhun ai. Ya ce, "Takalmi ana sayarwa a Shinkafi. Wanga fa sai mun sake kwana huɗu."

Kai ne, Malam, ka je wani ƙauye bayan Zurmi ka tarar sun haƙa rijiya uku duk suna cin karo da falale. Ka bi wata farar jijiya a jikin dutse har inda ta tsage, ka ce su gwada nan. Har yau suna sha. Sun kawo maka ɗan akuya, ka ce a yanka wa mahaƙan. Ni na ji haushin wannan, don na riga na sa rai da ƙafa ɗaya.

Shekara biyu bayan an ba mu jiha, Dakta Alamin ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ya bar dutse ɗari da arba'in a shagon Armiya'u suna jiran motar da za ta kai su jami'a. Mota ba ta zo ba, wasiƙa ba ta zo ba. Kowa ya ce ya zubar, ya sa wa shagon gero. Shi kuwa kullum safiya yana nan da gashin kazarsa. "Amana ce," in ji shi. "Mai ita ya tafi, amma bai ce ya sallame ni ba."

Sai shekarar Shari'a ta zo. Wanda bai ga wannan lokaci ba ba zai gane ba. Gari ya ɗauki tsarki, kowa na leƙen gidansa da na maƙwabcinsa ko akwai abin da ya kamata a share. A gidan wani biki, mata na ta lissafa masu bori da sunka tuba da masu kiɗan da sunka jingine kalangu, ni kuma ba ni da labarin da zan zuba. Zama babu labari a wurina kamar tuwo ne babu miya. Sai na ce, "Ku kuna maganar na nesa. Ni ina da maƙwabci mai duwatsu da farin ido, kullum safiya sai ya fito da su ya lashe su ɗaya ɗaya."

Wallahi don a yi dariya na faɗa, kuma an yi. Amma kafin Juma'a biyu labarin ya dawo mini da riga da wando. Wai gumaka ne. Wai yana yanka musu baƙar kaza, ga gashinta nan a gwangwani. Wai lambobin sunayen mutanen da zai ɗaure ne. Na san gaskiya sarai, Asta ta gaya mini komai, amma na ja bakina na yi shiru, don daɗin a ce daga wurina anka fara ji.

Mai unguwa Sodangi ya kira shi zaure, ga liman, ga dattawa, ga samari cike da ƙofa. Ban shiga ba, amma matar mai unguwa ƙawata ce, zauren kuma da taga. Armiya'u ya zo da dutse ɗaya da littafinsa, ya yi bayani tiryan-tiryan. Liman ya karɓi gilashin, ya ɗiga wa dutsen ruwan buta, ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Tabarakallah. Ai an umarce mu da duban halitta. Babu komai a nan sai ikon Allah. Amma Malam Armiya'u, tunda ruwa na yi, mi ya kai ka lasa?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a daji ruwan gora na maƙogwaro ne. Harshe ya saba."

Zaure ya kwashe da dariya, anka shafa fatiha, maza sunka wanke shi tas. To amma kotun mata ba ta da ranar tashi. Asta fura take damawa a gida, duk unguwa wurinta ake aike. Sai aike ya ɗauke. Takan dama, ta zauna, furar ta yi tsami ta ba awaki. In ta shiga gidan suna sai a janye tabarma kaɗan. Bafulatana ce mai kunya, ba ta taɓa ce mini uffan ba, amma na ga wuyanta ya yi tsawo.

Ran sunan ɗan jikata Kulsumu ta faɗo Alhamis. Malam ya zo addu'a da safe, ya karɓi goronsa, ya hau mota sai Shinkafi. Mun tara tukwane shida manya, duwatsun murhu sunka kasa. Asta na gefe tana tsince shinkafa ita kaɗai. Ni a raina gyara nake so in yi, Allah shi ne shaida. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Asta, in dai duwatsun mijinki ba na tsafi ba ne, ba mu mu ɗora tukunya mana. Abin tsafi ai ba ya yarda da wuta. Yau sai kowa ya gani."

Ta ce, "Gwaggo, Malam ya hana."

Wata ta ce, "Kun ji ko? Ya hana."

Asta ta dubi matan nan, ta dube ni. Ta tashi ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta. Munka zaɓi manya-manya goma sha takwas, waɗanda za su ɗauki tukunya. Daga baya na ji cewa manyan su ne na aikawa waje, ƙananan na dubawa ne kawai. Wuta ta kama, fenti ya yi ƙauri ya tashi, babu abin da ya fashe, babu wanda ya faɗi. Mata sunka yi guɗa, wata ta rungume Asta. Kafin la'asar an aiko sayen fura daga gida uku. Ni kuwa ina ta yawo tsakanin tukwane kamar wadda ta sasanta yaƙi.

Da la'asar sakaliya Malam ya dawo. Ya ga shago a buɗe, ya yi sallama ya shigo tsakar gidanmu, abin da bai taɓa yi ba. An sauke tukwane, duwatsu na nan baƙi ƙirin cikin toka. Ya tsuguna, ya jawo ɗaya da gefen riga don da sauran zafi, ya juya shi, ya sake juyawa yana neman farin tabo. Guɗa ta mutu. Na jira ya yi faɗa, har na tanadi amsa. Sai ya ɗago ya ce, "Gwaggo, abincin dai ya nuna ko?"

Na ce, "Ya nuna, Malam."

Ya ce, "To madalla. Allah ya raya yaro."

Ya kwashe su cikin buhu, goma sha bakwai. Na goma sha takwas yana madafata. Tun da rana na gangara da shi can, don kansa shimfiɗaɗɗe ne, dutsen murhuna ɗaya kuma ya tsage. Da na ga fuskar Malam sai na kasa fito da shi. Na ce gobe. Goben nan ta shekara biyar.

Bayan kwana bakwai sai ga Asta da duwatsun murhu uku sababbi, sassaƙar hannu, sumul kamar ƙwarya. Wai in ji Malam a kawo mini. Na zaga da su unguwa ina nunawa, ina cewa kun ga mutumin kirki, ko riƙo bai yi ba. Sannan na ga sun fi ƙarfin hayaƙina, na kai wa Kulsumu ɗakinta.

Kai ne, Malam, kana da shekara sittin da ɗoriya ka sake ɗaukar guduma. Babu Dakta, babu mota, babu mai cewa sannu. Ka buɗe littafi, ka fitar da lambobi goma sha takwas da sunka ɓace, ka bi su ɗaya ɗaya, inda babur ke zuwa ka hau, inda ba ya zuwa ka taka. Rani uku kana yi. Ka dawo da goma sha bakwai, kowane daga gurbin da anka saro ɗan'uwansa.

Saura lamba saba'in da bakwai. Wannan daga wani ɗan tsauni yake a hanyar Dauran, baƙi mai ƙyalli da jajayen ƙwayoyi kamar an watsa masa jan wake. Dakta ya fi ji da shi a kan duka, don a faɗin yawonsu nan kaɗai sunka ga irinsa, kuma shi ne zai faɗi zurfin da ƙasarmu ta nutse da lokacin da ta huce. Da Malam ya isa wurin sai ya tarar da rami. Sabuwar jiha na son tituna, wani ɗan kwangila ya sa nakiya ya mai da tsaunin tsakuwa. Shu'aibu ya ce ya same shi zaune a bakin ramin, guduma a cinya, har rana ta karkata.

Bara sai ga baƙuwa ta sauka daga motar mata, da jaka da irin gilashin nan a wuya. Dakta Salima, ɗalibar marigayi ce, ta tsinci kwafin littafin a cikin takardunsa ta biyo sawu, ba ta ma sa ran samun ko tsakuwa ba. Da Malam ya buɗe shago ta ga lambobi fes kamar jiya anka rubuta, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ina jikin katanga ina tankaɗe, garin da na riga na tankaɗe.

Ta bi littafi tana kira yana miƙowa, har ta ce, "Baba, saba'in da bakwai fa?"

Ya ce, "Wanga ya salwanta a hannuna, ɗiyata. Sakacina ne."

Rariya ta faɗi daga hannuna, don na san dutsen da ke madafata shi ne mai jajayen ƙwayoyin nan. Na shiga madafa na ture tukunya, na ciro shi da tsumma, na zaga ta ƙofa na dire shi a gabansu. Na faɗi komai, tun daga gidan biki. Dakta Salima ta ƙwanƙwashe gefensa, ya ruguje kamar ƙuli. Ta duba da gilashi ta daɗe. Ta ce, "Shi ne, Gwaggo, ga jajayen nan. Da wutar rana ɗaya ce, da wataƙila cikinsa ya tsira. Amma shekara biyar? Yanzu in na kai shi na'ura, ba zan san wanne ne zafin ƙasa wanne ne na murhunki ba."

Na juya wurin Malam na ce, "Ka yafe ni. Ba ka san yana wurina ba, na bar ka kana yawon daji."

Ya yi murmushi ya ce, "Gwaggo, katangar nan ai ba ta gefenki kaɗai take da gajarta ba. Tun kwana uku da suna na hango shi."

Na ce, "To mi ya hana ka magana?"

Ya ce, "Na yi magana. Mi kika zaci na sassaƙa miki sababbi uku don shi? Na ce in kin ɗora su, za ki turo tsohon waje in tsinta, babu wanda ya ji." Ya ƙara da cewa, "In kuwa na buɗe baki na ce kin ɗauka, a shekarar nan, kin san sunan da za a sa miki. Ni na ɗanɗana abin da baki ke yi wa mutum. Ban so miki ba."

Na naɗe tsummana, na zaga ta ƙofa na koma madafa.

An fara kai manyan, an gwada, Dakta Salima ta aiko da littafin da sunka buga da Turanci. Ta ce duwatsun Malam sun ba da shekarun karon nan kamar yadda marigayi ya zata. A taswirar ciki, ta hanyar Dauran, akwai wuri fari da babu lamba. Jikokina na cewa kuskuren maɗaba'a ne. Ni na san ko wutar wa ce. Sunan Malam kuwa yana can ƙarshe cikin ƙananan baƙaƙe, layi ɗaya, shi ma bai iya ganinsa sai an karanta masa.

Malam Armiya'u na Asta, Raƙumin Dakta mai kai kaya inda anka ce, mun gode. Mun gode da rijiya, mun gode da amanar da ka riƙe wa mamaci shekara bakwai babu mai tambayarka, ni kuma na gode da rufin asirin da ban cancanta ba. Allah ya ba ka ladan kowane taki, ya haskaka idonka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma 'yan makarantar kimiyya da ke wucewa ta ƙofarsa a babur kuna tsammanin tsohon ɗan dako ne, ku tsaya ku yi sallama. Rabin abin da ya sani bai shiga littafi ba, yana kan harshensa, harshe kuwa ba ya dawwama. Ku koyi riƙon abin da anka ba ku ko mai shi ya manta. Matan unguwa, ku dai kun san ni, ba zan ce na daina labari ba, ƙarya haramun ce. Amma in kunka ga abu ta katanga, ku zaga ta ƙofa ku tambaya.

Dakta Salima ta bar mana dutsen, ta ce ba shi da sauran aiki. Malam ya ce ko ba shi da aiki yana da suna. Hannunsa ba ya iya riƙe gashin kaza yanzu, sai ya miƙo mini ta katanga da gwangwanin fenti. Na shafa farin, na jira ya bushe, na rubuta bakwai biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Yana nan bisa katangar tsakaninmu, inda ni da shi duk muke iya kai hannu. In damina ta wuce, ni ke sabunta lambar.